Ƙishi a Bakin Maggiya: Koke-koken Masu Sayen Ruwa a Ƙonni, Malbaza da Ilela

Tun kafin kiran assalatu jarkoki sun riga masu su isa bakin famfo. Haka ake wayar gari a unguwannin gefen Birnin Ƙonni, a Nijar, da zarar bazara ta kankama. Rawayen jarkoki masu cin lita 25, waɗanda a da man girki ne a cikinsu, na nan jere sahu guda, kowace da shaidar mai ita: wannan an ɗaura mata jan tsumma a hannu, waccan an zana mata alama da ƙusa mai zafi. Jarkar ce ke riƙe wa mutum layi har ya dawo daga masallaci.

Mai famfo ya murɗa kai, sai iska ta fara fita tana huci. Can an jima ruwa ya biyo baya, siriri. Wanda ke gaba ya cika ya tafi, na tsakiya na ta lissafi, na ƙarshe kuwa ya san kafin hantsi ruwan zai iya ɗaukewa, ya koma jiran ƴan ga-ruwa da kurarsu.

Wannan yanki ba hamada ba ne. Ana samun ruwan sama kimanin milimita 500 a shekara, kwarin Maggiya ya ratsa shi kafin ya gangara tafkin Kalmalo a Najeriya, albasar Galmi kuma ta yi suna a duk Afirka ta Yamma. Akwai ruwa a fadama, akwai shi a ƙarƙashin dutse. Kukan jama'a a kan hanyar da ruwan ke bi ne kafin ya iso randa, da kuɗin da ake biya, da kuma inda yake zuwa bayan an gama amfani da shi. A dukkan ukun, wanda ya fi nisa da bututu shi ya fi jin jiki.

Gari ya faɗaɗa, bututu bai bi shi ba

A ƙidayar 2012, gundumar Ƙonni na da mutum sama da 300,000, Malbaza sama da 230,000, Ilela kuma sama da 330,000. Garin Ƙonni kaɗai ya haura 60,000. Jama'ar Nijar na ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin 100 a shekara, wato cikin shekara ashirin ko ƙasa da haka sai adadin ya ninka.

Ƙonni na kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, ga iyakar Najeriya a bakin ƙofa, Sakkwato ba ta kai kilomita 100 ba. Tsarnawa mararraba ce ta masu zuwa Tawa. Malbaza na da masana'antar siminti tun shekarun 1960, Badagishiri na da babbar kasuwa, Galmi na da asibiti da ke karɓar marasa lafiya daga nesa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare na jawo baƙi, baƙo kuwa da ƙishinsa yake zuwa.

Abin da ya saba faruwa shi ne a yanka filaye a sayar, mutane su yi gini su tare, sa'an nan a fara maganar janyo ruwa. Bututun da aka binne don unguwanni biyar sai a wayi gari yana shayar da goma.

Famfon na wa ne?

Mai ƙorafi na buƙatar sanin ƙofar da zai ƙwanƙwasa, kuma a nan ake fara ruɗewa, domin tsari biyu ne ke aiki gefe da gefe.

A birane, tun gyaran 2001 aka raba tsohon kamfanin ruwa na ƙasa gida biyu. SPEN, mallakar gwamnati, ita ke da rijiyoyin burtsatse da shato, wato tankunan ruwa na sama, da manyan bututu, ita ke neman kuɗin sabbin ayyuka. Sarrafa ruwa da rarraba shi da karɓar kuɗi kuwa aka damƙa wa SEEN, wadda kamfanin Veolia na Faransa ke da kaso mafi yawa a ciki. Bayan shekaru sama da ashirin yarjejeniyar ta ƙare, kamfanin gwamnati NDE ya karɓi aikin a farkon 2024. Garuruwa sama da 50 ne ke cikin wannan tsari, har da Ƙonni da Ilela, kuma farashi ɗaya ake biya a dukansu.

A karkara lamarin dabam ne. Ƙaramar hukuma ce mai dukiyar. Ita ke ƙulla yarjejeniya da ɗan kasuwa ya tafiyar da shato da famfunan gari, ƙungiyar masu amfani da ruwa kuma ta sa ido a madadin jama'a. Dokar ruwa ta 2010 ta amince cewa kowane ɗan ƙasa na da haƙƙin samun ruwa, ta kuma ɗora wa mai amfani da shi nauyin taimakawa wajen biyan kuɗin hidimar. Akwai hukumar ARSEau da aka ɗora wa sa ido kan fannin. Daga watan Afrilun 2024, da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, kantomomin da aka naɗa ne ke riƙe da wannan nauyi.

Kaɗan ne daga cikin matan da ke tsaye a layin famfo aka taɓa yi wa wannan bayani.

Wuta ta ɗauke, ruwa ya bi ta

Ƙorafin da ya fi kowane yawa gajere ne: ruwa bai zo ba. Dalilinsa na farko sau da yawa ba a rijiya yake ba. Injin da ke tsotso ruwa daga ƙarƙashin ƙasa ya tura shi shato da lantarki yake aiki. Idan wuta ta ɗauke na wasu sa'o'i, shato ya sauka, ƙarfin ruwa ya ragu, unguwannin tudu da na ƙarshen layi su ne na farkon rasawa, su ne kuma na ƙarshen samu.

Nijar ta daɗe tana sayo kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta daga Najeriya, kuma layin da ya taso daga Katsina ya bi ta Gazawa da Maraɗi shi ke kaiwa Malbaza. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke wutar a farkon Agusta, ba ta maido ba sai Maris na 2024. A tsawon waɗannan watanni iyaka ma a rufe take, ga shi yawancin kayan gyaran injuna daga kasuwannin Sakkwato da Kano ake samo su cikin sauƙi. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, da aka buɗe a 2018, ta rage zafi, amma ba ta isa ta ɗauke nauyin yankin ba.

Ma'aikatan ruwa kan ƙara da cewa a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, buƙata ke kaiwa ƙololuwa: mutane na sha, dabbobi na sha, masu gini na jiƙa bulo, tafkuna sun ƙafe. A daidai lokacin ne kuma wuta ta fi yankewa. Injin janareta na iya toshe giɓin, sai dai gazuwal kuɗi ne.

Masu famfo a gida ba su musanta wannan ba. Abin da ke ci musu rai shi ne rashin sanarwa. Uwargidan da ta san ruwa zai zo ƙarfe uku na dare za ta shirya. Wadda ba ta sani ba kwana take yi da kunne a bakin famfo.

Takardar kuɗin da ba a gane ba

Ƙorafi na biyu na zuwa ne a ƙarshen wata. Farashin birni hawa-hawa ne. Lita 10,000 na farko a wata su ne masu rahusa, an daɗe ana biyan kimanin sefa 130 a kan kowace lita 1,000. Daga nan har lita 40,000 kuɗin ya ninka fiye da sau biyu, abin da ya haura haka kuma ya kusa ninka sau huɗu. An yi tsarin ne don a sauƙaƙa wa talaka, mai wadata da ke ban ruwan fulawa ya biya da tsada.

A gidan haya mai ɗaki goma da kwantar guda ɗaya, wato na'urar auna ruwa, lissafin juyewa yake yi. Iyalai da yawa na ɗiba daga famfo ɗaya, kafin tsakiyar wata sun wuce matakin rahusa, sai su ƙare da biyan farashin masu hali. Daga nan rigimar raba kuɗi ta tashi: wa ya fi wanki, wa ke da baƙi, wa ke sayar wa maƙwabta.

Akwai kuma masu cewa kwantar na juyawa alhali famfo a bushe yake. Maganar na da tushe, domin idan ruwa ya dawo cikin bututun da ya zama fanko, iskar da yake turowa gaba kan iya juya na'urar. Sai dai babbar ɓarna yawanci daga yoyo take. Duk abin da ya zube bayan kwantar, a wuyan mai gida yake. Gwajin mai sauƙi ne: a rufe kowane famfo a gidan, a duba lambobin, a dawo bayan awa ɗaya. Idan sun motsa, akwai inda ke zuba a ƙarƙashin ƙasa.

Kamfani ma na da nasa kukan. Akwai masu tara bashi, har da ma'aikatun gwamnati, akwai masu jona bututu ta bayan fage, ga farashi da ya yi shekaru bai motsa ba alhali kayan aiki na ta tsada. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: kuɗin da bai shigo ba shi ne gyaran da ba a yi ba.

Mai jarka ya fi mai famfo biya

Lita 10,000 jarka 400 ke nan. Mai famfo a gida zai biya abin da bai kai jika biyu na sefa ba. Idan aka ɗauka ana sayar da jarka dala biyar, wanda ke saye ɗaya-ɗaya zai kashe jika goma a kan ruwa daidai wannan. Idan ɗan ga-ruwa ne ya turo har ƙofar gida, musamman ranar da ruwa ya yi wuya, kuɗin ya wuce haka nesa.

Da sauƙi a zargi ƴan ga-ruwa, amma duk wanda ya ga mutum na tura kura mai jarka goma, kilo 250 ke nan, cikin rairayi da tsakar rana, ya san ba banza yake ci ba. Ranar ƙarancin ruwa yakan yi awa biyu a layi kafin ya yi sawu ɗaya, dole ya ɗora asarar a kan farashi.

Saboda haka abin da mazauna sabbin unguwanni suka fi roƙo shi ne a janyo musu bututu. An taɓa yin shirin saka famfo a gidaje da rahusa a biranen ƙasar, da tallafin Bankin Duniya daga 2011, kuma dubban gidaje sun amfana. Sharaɗin dai shi ne babban bututu ya bi ta kusa da gidan. Wanda layinsa ba a kai ba, rahusar ba ta same shi ba.

Ja, fari da wari

Ƙorafi na uku a kan ingancin ruwan ne. Duwatsun farar ƙasa da suka sa aka kafa masana'antar siminti a Malbaza su ne ke sa ruwan wasu rijiyoyi nauyi. Ana ganin shaidar a cikin tukunyar shayi, inda farin ɓawo ke manne a gindi, da kuma sabulun da ke ƙin kumfa. A wasu wurare sinadarin ƙarfe ne: ruwa ya fito garau, ya kwana a bokiti ya yi ja, ya ɓata farin tufafi. Waɗannan sun fi damun ido da harshe a kan lafiya, amma sukan kori mutane su koma rijiyar gargajiya mai daɗin sha wadda bakinta a buɗe yake.

Warin magani da wasu ke ƙi kuwa alama ce ta cewa an kashe ƙwayoyin cuta. Haɗarin gaske na tattare da yankewar ruwa. Bututun da babu ƙarfi a cikinsa kan tsotso ƙazantar da ke kewaye da shi ta inda ya tsage, shi ya sa ruwan farko bayan yankewa ke zuwa da laka. Ma'aikatan lafiya na ba da shawarar a bar shi ya zuba har ya washe, a wanke cikin jarka da randa a kai a kai, a daina tsoma moɗa da hannu, idan an yi shakka kuma a tafasa ko a jefa ƙwayar Aquatabs a jira rabin awa.

Akwai abin da ido ba ya gani. Mutanen Nijar ba su manta da Tibirin Gobir ba, inda wata rijiyar burtsatse da aka haƙa a shekarun 1980 ta riƙa ba da ruwa mai yawan sinadarin fulorayid, ɗaruruwan yara suka tashi da lanƙwasassun ƙasusuwa kafin a farga. Tun daga nan buƙatar a riƙa gwada ruwa a kuma bayyana sakamakon ta zama haƙƙin da bai kamata a yi wasa da shi ba.

A ƙauye: shato na tsaye, famfo a bushe

A kan tudun Adar ruwa na da zurfi. Akwai wuraren da sai an huda ɗaruruwan mita kafin a kai ga mai yawa, kuma rijiya ɗaya irin wannan na cin miliyoyin sefa masu yawa. Shi ya sa ake ƙara karkata ga haɗa ƙauyuka da dama a kan rijiya ɗaya da shato ɗaya. Ma'aunin da ƙasa ta ɗauka shi ne wurin ɗibar ruwa na zamani guda ga kowane mutum 250, amma har yanzu kusan rabin ƴan Nijar ne kawai ke da ruwa mai kyau kusa da gida.

Baƙauye kan biya ninkin abin da ɗan birni ke biya har sau uku ko huɗu a kan ruwa ɗaya, domin kowane shato da kansa yake ciyar da kansa. A ƙa'ida ana ware wani kaso na kuɗin a ajiye don sabunta inji da faɗaɗa bututu. Ranar da inji ya ƙone ne ake sanin ko an ajiye ɗin. Jama'a su ce ɗan kwangila ya ci, ɗan kwangila ya ce da damina kowa tafki yake komawa ciniki ya mutu, ƙaramar hukuma ta ce ba a kawo mata rahoto ba. Kafin a gama wannan ja-in-ja, ƴan mata sun koma tafiyar kilomitoci da jaki, makaranta ta sha kashi.

Madatsun Mozage da Zango da matattarar Cerasa na shayar da fadamar noman rani ta Ƙonni mai faɗin hekta sama da 2,400, wadda aka gyara ƙarƙashin yarjejeniya da hukumar MCC ta Amurka. Wannan ruwan noma ne, ba a tace shi don sha ba. Duk da haka, wanda famfonsa ya bushe ba ya wuce magudanar da ke cike a gabansa.

Ruwan da ba shi da mai shi

Babu ɗaya daga cikin garuruwan nan da ke da bututun kwashe ƙazanta a ƙarƙashin ƙasa. Ruwan wanka da wanki ta rariya yake fita, ya faɗa ramin da aka haƙa a bakin ƙofa ko ya kwanta a tsakiyar lungu, ya yi baƙi, sauro ya samu gida. Rigingimun maƙwabta da ke kaiwa gaban mai unguwa da yawansu daga nan suke tasowa.

Idan salga ta cika, mai hali ya nemo mota, marar hali ya kira masu kwasa da hannu su haƙa rami a gefe su juye cikin dare. Lambatun da aka gina don ruwan sama sun zama juji, leda ta toshe su, ko da yake tun 2014 doka ta haramta irin wannan leda. A ƙasa baki ɗaya kuma kusan mutum biyu cikin uku a fili suke bahaya.

Kamfanin ruwa aikinsa ya tsaya a kwantar. Tsabtar gari na wuyan ma'aikatar magajin gari, wadda kuɗin shigarta bai taka kara ya karya ba. Tsakanin su biyun ne ƙazantaccen ruwa ke kwance ba mai ɗauka.

Sakamakon na bayyana da damina. Kwalara ta shiga gundumar Ƙonni a annobar 2018, ta sake dawowa a 2021, shekarar da ta kama mutum sama da 5,000 a ƙasar, ta kashe fiye da 150. A 2024, da ambaliya ta shafi mutum sama da miliyan ɗaya a Nijar, cutar ta sake ɓulla a jihar Tawa. Garin iyaka da ke cika ya batse ranar kasuwa, ba isassun makewayi, ruwan sha kuma na bi ta hannaye da yawa kafin ya kai baki, wuri ne da irin wannan cuta ke saurin yaɗuwa.

Abin da aka gwada ya yi

Yankin na da nasa misalan. A ƙarshen shekarun 1980 manoman Ilela suka rungumi haƙa ramukan tassa da na rabin wata a kan fako, suna tare ruwan sama ya nutse maimakon ya gudu. Masu bincike sun ruwaito cewa a ƙauyen Batodi ruwan rijiyoyi ya hauro da kimanin mita 14 cikin shekara goma, har mata suka buɗe lambuna a inda a da ake wahalar na sha.

Bagaruwa, wadda ke cikin gundumar Ilela kafin 2011, ita ce ƙaramar hukuma ta farko a Nijar da aka tabbatar ta daina bahaya a fili. Sarakuna da malamai da mata ne suka bi gida-gida har kowa ya haƙa salga da abin da yake da shi.

Kafin bazara mai zuwa

Manyan tsare-tsare na nan a rubuce. Shirin PROSEHA na nufin kowa ya samu ruwa da tsabta nan da 2030, Bankin Duniya kuma ya amince da dalar Amurka miliyan 400 a 2021 don fannin ruwa a Nijar. Sabbin rijiyoyi da shato na buƙatar irin wannan kuɗi da lokaci.

Amma yawancin abin da masu sayen ruwa ke nema bai kai haka tsada ba. Suna son a riƙa sanar da lokutan yanke ruwa ta gidajen rediyon gari, a raba shi unguwa-unguwa bisa jadawalin da kowa ya sani. Suna son gidajen haya su samu kwantar fiye da ɗaya cikin sauƙi. Suna son a manna farashin jarka a jikin kowane famfon unguwa, a manna sakamakon gwajin ruwa a ma'aikatar magajin gari, a karanta lissafin asusun gyara a bainar jama'ar ƙauye sau biyu a shekara. Suna son rijiyoyin gari su samu nasu hasken rana ko janareta mai aiki, a keɓe filin zubar da kashin salga nesa da rijiyoyi, a yashe lambatu a watan Mayu kafin ruwan farko ya sauka.

Kusan duk waɗannan na hannun kantomomi da shugabannin ofisoshin ruwa na Ƙonni, Malbaza da Ilela. Lokacin yin su shi ne watannin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da buƙata ke ƙasa kuma ana iya tsayar da inji a gyara ba tare da an bar gari da ƙishi ba.